Yadda ake koya wa ɗan katun magana da waiwaye

A wannan makon za mu shiga wani lungu na aikin katun, wato zane mai motsi, inda masu koyo da yawa suke ajiye fensir su ce abin ya fi ƙarfinsu. Lungun kuwa shi ne yadda za ku sa wanda kuka zana ya yi magana, motsin bakinsa ya dace da muryarsa, sannan idan an kira shi ya juyo da kai kamar mai rai.

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya da aka fassara zuwa Hausa ya san abin da nake nufi da dacewar baki da murya. Za ka ga jarumi ya rufe bakinsa tuni amma magana tana ta zuba, ko kuma bakin yana ta motsi alhali magana ta ƙare. A nan mukan yi uzuri, domin mun san da wani harshe aka ɗauki fim ɗin. Amma katun ɗin da kuka zana da hannunku, kuka ɗora masa muryar Hausa, ba shi da wannan uzurin. Da zarar baki ya saɓa da murya, mai kallo zai bar labarin ya koma kallon kuskuren.

Dalili kuwa, mutum yana sauraron magana har da idonsa. A shekarar 1976 wasu masu bincike biyu a Ingila, Harry McGurk da John MacDonald, sun nuna wa mutane bidiyon wata mata da bakinta yake cewa “ga”, amma muryar da aka ɗora a kai tana cewa “ba”. Yawancin manyan da suka kalla sai suka ce “da” suka ji. Ido ya kawo labari ɗaya, kunne ya kawo wani, sai ƙwaƙwalwa ta raba gardama da sauti na uku. Ke nan bakin da za ku zana yana iya taimakon muryar, yana kuma iya ɓata ta.

Lissafin da ya haifar da dabarar

Fim yana gudana ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kowane hoto ɗaya ana ce masa firam. Masu katun sukan rage wa kansu aiki su bar kowane zane ya zauna firam biyu, ya zama zane 12 a daƙiƙa. To ku ɗauko biro mu lissafa. Minti ɗaya daƙiƙa 60 ne, 60 sau 12 ya ba mu zane 720. Idan kowane zane zai ci muku minti 10, kuna bukatar minti 7,200, wato awa 120. Kwana biyar cur ke nan, ba barci ba cin abinci, saboda katun na minti ɗaya tak. Ɗalibin da yake da aikin gida da bita da aiken Mama ina zai samo wannan lokacin?

Manyan masu sana'ar ma sun ci karo da wannan lissafin. William Hanna da Joseph Barbera, waɗanda suka ƙirƙiro Tom and Jerry a Amurka a 1940, sun saba da gajerun fina-finan silima, inda ake da kuɗi da lokacin zana komai dalla-dalla. Ga shi kuma kyanwar da ɓeran ba su cika magana ba, guje-guje ne aikinsu. Da mutanen biyu suka kafa kamfaninsu a 1957 suka koma yi wa talabijin aiki, sai lissafi ya canza: ana son shiri a kai a kai, kuɗin kaɗan ne, 'yan wasan kuma masu surutu. Sai suka riƙa raba jikin ɗan katun gida-gida a kan fallayen roba garai-garai waɗanda ake hango abin da ke bayansu. Gangar jiki a falle ɗaya, kai a wani, baki a wani. Idan ana magana jiki yana nan a tsaye, kai da baki kawai ake canzawa. Shi ya sa za ku ga Yogi Bear da Fred Flintstone da matarsa Wilma kowannensu da wani abu ɗaure a wuya. Abin wuyan nan yana ɓoye wurin da kai ya haɗu da jiki ne, don kada mai kallo ya ga ɗinkin.

Mene ne rigin?

Abin da suka yi da fallayen roba shi muke yi yau a kwamfuta, masu sana'ar suna ce masa rigin. A Hausance, shi ne a yanka zane gaɓa-gaɓa, a sa masa ƙasusuwa da mahaɗai, a ɗaura masa linzamin da za a riƙa sarrafa shi da shi. Wahalar sau ɗaya ake shan ta, daga nan a yi ta cin moriya a kowace fitowa.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1926 wata Bajamushiya mai suna Lotte Reiniger ta fitar da dogon fim a kan wani yarima Ahmed, wanda ta ɗauko labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya. Ta yanka 'yan wasanta daga kwali, ta haɗa gaɓoɓinsu da siririyar waya, tana motsa su kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya. Har yau shi ne dogon fim ɗin katun mafi tsufa da ya rage a duniya. Wanda ya fahimci 'yar tsanar kwali ya fahimci rabin rigin.

Abu huɗu ne ginshiƙansa. Na farko falle. Kowane sashe na kai ana zana shi a fallensa daban: ƙoƙon kai, kunnen dama, kunnen hagu, idanu, ƙwayar ido, gira, hanci, baki, hula ko ɗankwali. Ku ba kowane falle suna tun farko, don idan sun kai talatin ba za ku gane wane ne wane ba. Ku kuma zana wuya ya fi yadda ake ganinsa tsawo, ya shige ƙarƙashin haɓa da cikin riga, saboda kada rami ya bayyana idan kai ya karkata.

Na biyu mahaɗa, wato ɗigon da sashe yake juyawa a kansa, kamar ƙusar da ke tsakiyar almakashi. Manhaja takan ajiye wannan ɗigo a tsakiyar zane. Idan kuka bar shi nan, kan zai riƙa juyi a kan hanci kamar fanka. Ku ja shi zuwa inda wuya ya shiga ƙoƙon kai, wajen ƙasan kunne.

Na uku dangantakar uwa da 'ya'ya. Kai shi ne uwa, ido da hanci da baki su ne 'ya'ya. Inda kaza ta nufa nan 'yan tsaki suke bi, amma ɗan tsako yana iya tsattsagarsa kaza tana tsaye. Haka idan kuka motsa kai, ido zai bi shi, amma ido yana iya ƙiftawa kai bai motsa ba. Shi ma kan ɗa ne ga wuya, wuya kuma ɗa ne ga ƙirji.

Na huɗu linzami. Wannan wani ɗan maɓalli ne ko sanda da ake ajiyewa a gefen fuska, a koya masa cewa idan an ja shi dama, hanci ya matsa kaza, ido ya matsa kaza, kunne ya ɓuya. Maimakon ku taɓa abu goma, sai ku ja abu ɗaya.

Baki nawa za ku zana?

Mai koyo yakan ɗauka kowane harafi yana bukatar bakinsa. Ku je gaban madubi ku ce “baki”, sannan ku ce “baƙi”. Kunne ya ji bambanci, amma ido bai ga komai ba, domin bambancin k da ƙ can ciki yake, wajen maƙogwaro. Ku sake gwada “bari”, “ɓari” da “mari”. Duk ukun da haɗe laɓɓa suke farawa, zane ɗaya ya ishe su. Mai katun abin da ido yake gani yake zanawa, shi ya sa adadin ya yi kaɗan. Kamfanin Hanna da Barbera da siffar baki shida ya yi aiki. A Japan, katun da yawa na talabijin uku kawai suke amfani da su: a rufe, rabin buɗe, a buɗe.

Ga wanda zai sa ɗan katun ya yi Hausa, ga takwas da nake ba ku shawarar ku fara da su:

1. Bakin hutu: a rufe, a sake, lokacin da ba a magana.
2. Laɓɓa a matse da juna: na b, ɓ da m.
3. A buɗe sosai, haɓa ta sauka: na a.
4. Rabin buɗe, da ɗan faɗi: na e.
5. Haƙora sun kusa haɗuwa, laɓɓa a baje: na i, da tarin baƙaƙe irin su s, z, ts, t, d, ɗ, n, k, ƙ, g, c, j da sh.
6. A zagaye, a buɗe: na o.
7. A tsuke kamar mai hura wuta: na u da w, da kw, gw da ƙw.
8. A buɗe, harshe ya ɗaga bayan haƙoran sama: na l da r.

Wajen zana su ku tuna abu ɗaya game da halittar kai. Muƙamuƙin ƙasa ne kaɗai yake motsi, haƙoran sama a manne suke da ƙoƙon kai. Ku ɗora yatsa a ƙasan hanci, ɗaya hannun a ƙarƙashin haɓa, ku ce “Kaka ta tafi kasuwa”. Hannun ƙasa ne zai yi ta hawa da sauka. Don haka a zanenku haƙoran sama su zauna wuri ɗaya, haɓa ce za ta sauka idan baki ya buɗe.

Inda jadawalin Turawa zai yaudare ku

Idan kuka bincika intanet za ku sami jadawalin siffofin baki birjik. Yawancinsu sun samo asali ne daga wanda wani gwanin katun na Amurka, Preston Blair, ya fitar a littafinsa na koyar da zane a shekarun 1940. Jadawali ne mai kyau, amma don bakin mai Turanci aka yi shi. A ciki akwai wata siffa ta f da v, inda haƙoran sama suke cizon leɓen ƙasa.

To ku koma madubi ku ce “fari”, “fata”, “fura”, yadda kuke faɗa a gida. Bakano da laɓɓansa biyu yake yin f, su matso kusa da juna iska ta fita ta tsakani, kamar mai hura koko mai zafi. Wasu ma sukan haɗe laɓɓan gaba ɗaya har ya yi kama da p na Turanci. Basakkwace kuwa, da Hausawan Nijar da yawa, “hwari” da “hwata” za ka ji sun ce, bakin ya tsuke kamar na lamba 7. Ita v babu ta a Hausa ma sam. Idan kuka kwafi bakin cizon leɓe kuka manna wa ɗan katun da yake cewa “fura”, murya ta Bahaushe ce, baki na Bature. Mai kallo ba lallai ya iya faɗin abin da ya dame shi ba, amma zai ji wani abu bai zauna ba. Maganin shi ne ku zana baki na tara: laɓɓa sun kusa haɗuwa, da 'yar siririyar ƙofa a tsakani. Idan kuma wanda ya ba ku murya mai cizon leɓen ne, kamar yadda wasu 'yan boko suke yi, sai ku bi shi. Bakin mai muryar shi ne alƙali.

Rubutu ma yana yaudara. Muna rubuta “gidan Bala” da “an ba ni”, amma abin da baki yake faɗa shi ne “gidam Bala” da “am ba ni”. Duk n ɗin da b ko m ya biyo bayanta, laɓɓa sukan rufe tun a kanta. Wanda ya bi rubutu zai sa baki na 5, alhali na 2 ake bukata.

Sai tsawon sauti. A “babba” da “amma” da “tabbas”, laɓɓa suna daɗewa a rufe fiye da a “baba”. Haka “dafa” na girki da “dafa” na dafa kafaɗa rubutunsu ɗaya, amma a na biyun baki ya fi daɗewa a buɗe. Zanen bai canza ba, yawan firam ɗin da zai zauna ne ya canza. A “kwana” da “gwani” da “ƙwai” kuma, har da “kuɗi” da “goro”, laɓɓa suna tsukewa tun kafin sautin farko ya fito, don haka siffar zagaye ita za ta fara bayyana.

Jera baki a kan murya

Ku fara ɗaukar murya kafin ku motsa komai. Wayar hannu ta isa, a ɗaki mai shiru, a kashe fanka. Idan muryar ƙaninku ko ƙawarku za ku ɗauka, ku gaya musu abin da za ku yi da ita su yarda tukuna. Idan kuka sa muryar a manhaja, za ta fito kamar zanen tuddai da kwari. Tuddan su ne wasula, inda baki yake a buɗe. Inda zanen ya tsuke kuma, ko dai shiru ne ko baki ya rufe.

Kada ku bi maganar daga farko zuwa ƙarshe harafi-harafi. Ku fara nemo duk inda laɓɓa suka rufe ku sa baki na 2, domin nan ne ido ya fi saurin kama kuskure. Ku bar shi ya zauna aƙalla firam biyu, in ba haka ba zai wuce ba a gan shi ba. Bayan haka ku sa manyan wasula. Abin da ya rage a tsakani sai ku cike da na 5 ko na 4.

Mu gwada da “Ina kwana, Baba?” Haruffa 12 ne. Jerin bakin zai zama: 5, 3, 7, 3, 5, 3, 2, 3, 2, 3, sannan a koma na hutu. Ku ƙirga ku gani, zane huɗu ne kawai suka ɗauki gaisuwar gaba ɗaya, na biyar na hutawa.

Masu sana'ar suna da wasu ƙa'idoji biyu. Ɗaya, siffar baki ta riga sauti da firam ɗaya ko biyu, domin mutum yana shirya bakinsa kafin sautin ya fita. Baki da ya ɗan riga murya ba ya damun mai kallo kamar wanda ya makara. Biyu, kada ku canza baki a kowane firam. Idan kuka yi haka zai riƙa kaɗawa kamar na mai jin sanyin hunturu. A magana mai sauri, baki yakan tsallake ƙananan sautuka ya haɗe su, ku ma ku tsallake.

Kada kuma ku bar sauran fuska a daskare. A ƙarshen “Baba?” ku ɗan ɗaga gira, kai ya ɗan sunkuya alamar ladabi. Mutane idon mai magana suka fi kallo, baki a gefen ido suke ganinsa.

Waiwaye

Yanzu mu zo kan juya kai. Ku samo lemo ɗaya. Ku ja layi da biro daga sama zuwa ƙasa, ku ja wani a kwance su gitta. Ku ɗiga idanu biyu a kan layin kwance, ku soka tsinken ashana a ƙasansu kaɗan ya zama hanci, ku yi alamar kunnuwa a gefe biyu. Sai ku riƙe lemon a gabanku ku juya shi a hankali.

Za ku ga layin tsaye ya lanƙwashe. Idon da ya yi nisa ya matse, ya kusanci gefe. Hanci, da yake ya fi fitowa waje, ya fi idanu tafiya, har ya fara tare idon can. Kunne ɗaya ya ɓuya, ɗayan ya baro gefe ya shigo ciki, ƙeya ta fara leƙowa a bayansa. Wanda ya kwashi ido da hanci da baki ya tura su gefe gaba ɗaya da nisa iri ɗaya, fuskar za ta fito kamar hoton da aka manna a faranti.

'Yan ajin manyan sakandare, ga inda lissafin kusurwa yake da rana. Nisan da layin tsakiyar fuska yake tafiya daga tsakiya zuwa gefe yana bin sin na kusurwar juyin. Sin 30° rabi ne. Wato idan kai ya juya digiri 30 kacal, kashi ɗaya cikin uku na hanyarsa zuwa gefe, layin fuska ya riga ya ci rabin tafiyarsa. A digiri 45 ya ci wajen kashi 7 cikin 10. Daga nan tafiyar sai ta yi ta raguwa har digiri 90. Saboda haka kada ku raba nisan daidai wa daida, fuska tana saurin barin tsakiya, tana jinkirin isa gefe.

A rigin, kallo uku ake fara zanawa: na gaba-da-gaba, na kaikaice, da na gefe. Na kaikaice shi aka fi aiki da shi, domin yana nuna idanu biyu kuma yana nuna inda mutum ya fuskanta. Kowane kallo yana bukatar jerin bakinsa. Baki tara sau kallo uku, zane 27 ke nan. Kamar da yawa, amma ku tuna da 720 ɗin ɗazu, su kuma 27 ɗin nan za su yi muku aiki a minti ɗaya, su yi a minti talatin. Don samun ɗaya ɓangaren, sai ku kifa zanen kamar a madubi. A nan ku yi hattara da abin da yake gefe ɗaya kawai: karin hula, ƙullin ɗankwali, tabo a kunci, ko rubutu a gaban riga. Idan kuka kifa ba ku gyara ba, tabon zai yi tsalle daga kunci zuwa kunci.

Ku kula da jerin fallaye ma. Yayin da kai yake juyawa, fallen kunnen da ya yi nisa dole ya koma ƙarƙashin fallen kai, na hanci kuma ya hau kan na idon can.

Bayan an gama haɗa linzami sai motsin kansa. Idan kuka nuna wa kwamfuta farkon juyi da ƙarshensa kuka bar ta ta cike tsakani, miƙaƙƙen layi za ta bi, kan ya juya kamar fankar tebur. Mutum ba haka yake waiwaye ba. Ku sa ido a aji lokacin da aka kira sunan wani daga baya. Idanunsa ne suke fara tafiya, kai ya biyo. A tsakiyar juyin haɓa takan ɗan yi ƙasa sannan ta ɗago, hanyar ta zama kamar gindin ƙwarya. Sau da yawa kuma yakan ƙifta ido daidai tsakiyar. Don haka ku sa zane na uku a tsakiya: kai ya ɗan sunkuya, ido a rufe. Wannan ƙiftawar tana da wani amfani, tana ɓoye lokacin da kuka musanya kallo ɗaya da wani.

Idan waiwayen na firgita ne ko na fushi, ku sa kan ya ɗan ja zuwa ɗaya ɓangaren na firam biyu ko uku kafin ya juyo. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, shirin karo ne. Motsin ya fara a hankali, ya yi sauri a tsakiya, ya tsaya a hankali. Ku gwada firam shida zuwa takwas don waiwaye mai sauri, 12 ko fiye don na mai nazari. Abubuwan da suke reto kuma, irin su 'yan kunne da jelar ɗankwali da bakin hijabi, su makara da firam biyu ko uku, su ɗan wuce kafin su dawo su tsaya. Waɗannan suna cikin ƙa'idoji 12 na motsi da wasu tsofaffin ma'aikatan Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafinsu na 1981.

Tufafinmu sun yi mana gata a nan. Wuyan kaftani da hijabi da rawani duk suna ɓoye mahaɗar wuya, aikin da abin wuyan Yogi Bear yake yi. Sai dai aikin zaren da ke jikin hula dole shi ma ya zagaya tare da kai, don haka ku zaɓi zane mai sauƙi, kada ku ɗora wa kanku ɗinkin da zai gagare ku juyawa.

Da me za ku fara?

Wanda ba shi da kwamfuta ya fara da kwali da almakashi da zare. Ku yanka kai, ku yanka baki tara a ƙananan takardu, ku kafa waya a kan littattafai tana kallon ƙasa, ku riƙa canza baki kuna ɗaukar hoto. Mai wayar zamani yana iya gwada FlipaClip, tana da fallaye kuma tana karɓar murya, sai ku riƙa kwafo bakin da kuka zana kuna mannawa. Mai kwamfuta yana da Blender, wadda wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙira, kuma kyauta ce tun 2002. Kada kyautar ta sa ku raina ta: da ita aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda ya ci kyautar Oscar ta dogon katun a 2025. OpenToonz da Synfig su ma kyauta ne. Moho da Toon Boom Harmony na kuɗi ne, ku bar su sai hannu ya faɗa.

Akwai kuma manhajoji irin su Papagayo da Rhubarb Lip Sync da suke taimakawa wajen jera baki a kan murya. A kan Turanci aka fara gina su. Ita Rhubarb tana da zaɓin bin sauti zalla don sauran harsuna, shi za ku ɗauka idan Hausa ce. Duk da haka ku bi abin da ta jera da idonku, musamman wuraren f da wuraren rufe laɓɓa, ku gyara da hannu.

Aikin wannan mako

Ku zana kai ɗaya mai sauƙi a kallon kaikaice. Ku tsaya gaban madubi ku zana masa baki tara daga bakinku, kada ku kwafo daga intanet. Ku ɗauki muryarku kuna cewa “Baba, an ba ni fura”, ku jera bakin a kai. Jimlar gajera ce, amma akwai rufe laɓɓa a wuri uku, akwai n mai komawa m, akwai f irin tamu. Idan kun gama ku kashe sautin, ku nuna wa wani a gida, ku ce ya canki abin da ɗan katun yake faɗa. Idan ya kama ko da “Baba” ne, aikinku ya fara kyau. Wanda ya samu sarari ya ƙara da waiwaye ɗaya kafin maganar, da ƙifta ido a tsakiya.

A yi wannan a ƙarshen mako bayan an gama aikin makaranta. A fitowa ta gaba za mu sauko daga wuya zuwa ƙafa, mu ga yadda ake sa ɗan katun ya yi tafiya ba tare da yana zamewa kamar mai taka santsi ba. Sai mun haɗu, a yi karatu lafiya.